Labarai da Baba, Ƙarfe Biyar

Litinin, 6 ga Oktoba

Kalandar nan za ta sa mini hawan jini kafin Baba ya samu sauƙin nasa. Auta ce ta buɗe ta bayan rasuwar Mama, wai kowa ya riƙa gani a wayarsa wa zai kai Baba asibiti, wa zai kai abinci, a daina "ai na ɗauka kai ne za ka je." Mu uku ne a ciki, ni da ita da mijinta. Shawara ce mai kyau, ban musa ba. Matsalar ita ce wayata ta cakuɗa ta da kalandar kantin maganin da nake aiki, komai sai ya fito mini sau biyu. Awon jini sau biyu, karɓo magani sau biyu. Waɗannan nawa ne, ban damu ba.

Wanda ke ci mini rai shi ne na mijin Auta: "Labarai da Baba, ƙarfe biyar." Talata, Alhamis, Asabar. Sau uku ne a mako, ni sau shida nake ganinsa, kowanne kuma da ƙararsa.

Talata, 7 ga Oktoba

Na kai wa Baba maganin wata. Tun daga bakin ƙofa nake jiyo dariyarsa, irin wadda tari ke biyo bayanta. Rabona da jin ta har na manta. Yana kan doguwar kujera, Mai Sharhi (sunan da na raɗa wa mijin Auta ke nan, a littafin nan kawai) ya jawo kujerar roba ya manne da shi, baki kusa da kunnensa. Ko 'yar kunyar nan ta surukai babu.

A talabijin maza huɗu sun sa juna a gaba suna ihu kan wani ɗan majalisa da aka ce zai sauya sheƙa. Kwana uku ke nan jan rubutun ƙasan allo na cewa "da ɗumi-ɗuminsa." Abin da ya kwana uku ai ya huce.

Na yi sallama. Baba ya ce, "Likita ne? Ajiye a kan tebur, Allah ya yi albarka." Ko juyowa bai yi ba. Ni ba likita ba ne, ya sani, tsokana ce ta tun ina makaranta, amma yau ban ji daɗinta ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ni ke bin layin asibiti. Ni ke rubuta masa "ɗaya da safe, ɗaya da yamma" a jikin kowane kwali da manyan baƙaƙe. Hirarmu da shi kuwa ba ta wuce "Ka sha?" "Na sha." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na yi wa matata ƙorafi muna karin kumallo. Ta kalle ni ta ce, "Baban yara, kishi kake yi." Na ce da wa, da malamin makarantar da ke tashi ƙarfe biyu ya rasa abin yi? Ta ce to ai ga shi ka faɗa da bakinka. An ce kishi kumallon mata ne. To ni ban san me ke taso mini ba.

Na saurari labaran siyasa a mota zuwa da dawowa, don in samu abin cewa ranar Asabar. Wallahi azaba ce. An yi minti ashirin kan wanda bai gaida wani ba a wurin taro. Maganin sukari ya yi wata guda yana yanke mana a kanti, ko mutum ɗaya bai ambata ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na ji kunya yau.

Na je da wuri, na zauna a gefe. Da aka tafi talla na gyara murya na ce ni a ganina in mutumin nan ya sauya sheƙa, jam'iyyarsu ta gama yawo. Baba ya yi dariya ya ce, "Likita, ai tun jiya ya fasa. Ina ka shiga?" Mai Sharhi ya yi saurin cewa, "Amma maganar Yaya tana kan hanya, Baba." Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Taimakona yake yi, a falon ubana.

Sai suka koma nasu. Shi yana ta raɗa masa abu a kunne, Baba yana gyaɗa kai yana "Ka ji maƙaryata!" Na sha ruwa na tafi.

Litinin, 13 ga Oktoba

Lokacin hutun rana na zauna gyara kalanda, in rage maimaicin nan. Na danna "Labarai da Baba" na ce a goge. Wayar ta tambaye ni, wannan kaɗai ko duka. Na danna duka.

Na ce wa kaina kwafin da ke wayata nake gogewa. Da na duba kwamfutar kanti, babu shi can ma. Na san abin da hakan ke nufi. Na kulle wayar na koma kan kanta, akwai masu jira.

Laraba, 15 ga Oktoba

Auta ta kira. "Yaya, saƙo ya shigo mana wai ka soke labaran Baba. Maigidana ya ce ƙila likita ne ya hana Baba hayaniya, ya ce kada in dame ka da tambaya." Ashe jiya bai je ba. Na ce e, ya ɗan huta tukuna. Ƙarya ta fito mini sumul, har na ba kaina tsoro.

Na nemi abokin aikina ya riƙe mini yammacin gobe.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Zan rubuta yadda abin ya faru, ko zan samu ya sauka daga ƙirjina.

Biyar saura na isa. Kujerar robar tana nan a jikin ta Baba, ya riga ya jawo ta da kansa. Ya ce, "Malam ne?" Haka yake kiran Mai Sharhi. Na ce ni ne. Ya ce, "A'a, Likita, lafiya dai?" Na ce lafiya lau, labarai na zo mu kalla. Ya ce to bismilla.

Aka fara. Na zauna a kujerar da na daɗe ina hari, ban kuma san me ake cewa a cikinta ba. Can ya ce, "Me suka rubuta a ƙasa?" Na ce ga shi nan ai, Baba, yana wucewa. Aka nuno wani mai magana, sunansa ɓaro-ɓaro a ƙasan allo da manyan baƙaƙe. Ya ce, "Wannan wane ne?" Na juyo na dube shi. Fuskarsa tana wajen talabijin, amma kunnensa ya karkato.

Na tashi na ɗauko kwalayen maganinsa a kan tebur. Na hawan jini an ɗaure shi da zaren roba ɗaya, na sukari da biyu, na yamma an manna masa salatif a murfi. Ba ni na yi ba. Na miƙa masa ɗaya na ce ya karanta mini abin da na rubuta. Ya shafa shi da babban yatsa ya ce, "Na safe ne." Na ce rubutun fa? Ya ce, "Kai dai ka cika bincike. Ƙara mana murya."

Na ƙara murya. Na karanta masa duk abin da ya wuce a ƙasan allon har aka gama. Bai yi dariya ko sau ɗaya ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Shekara goma sha huɗu ina ba mutane magani ina ce musu su karanta kwali. Ubana ba ya ganin rubutuna, ban sani ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na je gidan Auta da niyyar faɗa. Na sami Mai Sharhi a tsakar gida yana duba takardun ɗalibai. Na ce tun yaushe? Bai yi kamar bai gane ba. Ya ce wata biyar. Wata rana ya tarar da Baba riƙe da rimot a juye, daga nan ya fara karanta masa, daga nan aka sa a kalanda. Ya ce, "Ya sa na yi masa alkawari, Yaya. Ko Auta ba ta sani ba. Kullum sai na roƙe shi ya gaya maka."

Na ce kai wane ne da za ka riƙe sirrin ubana? Da ya rikita magungunan fa? Ya ce shi ya sa ya ɗaura robar. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri. Da ya tanka mini da na fi jin daɗi, wallahi. Na zo da faɗa cike da baki, na rasa inda zan sauke shi.

Bai tambaye ni wane likita ne ya hana hayaniya ba. Ya sani. Na ga alama a idonsa, kuma ya bar ni da ita.

Har yanzu haushinsa nake ji. Wata biyar yana riƙe da abin da ni ya kamata a fara gaya wa.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na tambayi Baba kai tsaye, me ya sa shi, ban da ni.

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Ya ce, "Kai in na ce maka kaina na ciwo, sai fuskarka ta canja, ka fara lissafin asibiti, sai in ji kamar laifi na yi maka. Tun rashin mahaifiyarku kake kallona kamar wanda za a ƙwace maka. Shi kuwa in na ce ba na gani, sai ya ce to bari in karanta maka waɗannan maƙaryatan."

Na ce yanar ido ce ta rufe masa gani, aikin minti ashirin ne, ana yi kullum. Ya ce, "Ka gani ko? Ka fara."

Sai kuma ya ce, "Malam lafiya yake? Kwana biyu shiru. Ko na ɓata masa ne?" Na ce wayata ce ta yi shirme ta goge abin. Ya ce wayoyin nan naku. Ban gyara maganar ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na mayar da "Labarai da Baba" cikin kalanda. Sai da na yi sau uku kafin ya fito a wayar Auta. A tawa ya fito sau biyu kamar da, na bar shi haka.

Talata, 21 ga Oktoba

Na biya bayan aiki, saura minti goma a gama. Ana ta ihu kan wani sabon mai sauya sheƙar. Mai Sharhi ya miƙe zai ba ni kujera, na ce ya zauna. Baba ya ce in karanta masa na ƙarshe. Na karanta. Ya ce ina karatu kamar takardar cikin kwalin magani, su biyun suka fashe da dariya. Na ji zafi. Amma dai da ni ake, ba a bakin ƙofa nake ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

An ba mu Litinin ƙarfe tara a asibitin ido. Baba ya ƙi, ya ƙi, sai da Malam ya ce masa in an gyara idon zai ga fuskokin maƙaryatan da kansa. Nan take ya ce to. Ni na yi kwana huɗu ina lallashi. Ba komai.

Na sa a kalanda, na sa sunana. Na daɗe ina kallon wayar, sannan na ƙara nasa. Na kira shi na ce ya zo da motarsa ranar, tawa tana wata ƙara, ba na so ta tsaya mana a hanya. Ya ce, "To, Yaya, Allah ya kai mu."

Motata lafiyarta ƙalau.