Yayana ya rasu, shafinsa yana ci gaba da tarbar baƙi

Lalla Zhor, ki taimake ni, don abin da nake yi ya fara ba ni tsoro, kuma ban iya gaya wa kowa a gida ba.

Ni da mijina Driss muna da ƙaramin kamfanin shirya tafiye-tafiye a Azilal. Mutane suna shiga shafinmu na intanet su zaɓi tafiya su kama gurbi. Da farko duk rukunan kamarsu ɗaya: ka latsa Sahara, ko Iyali, ko Tsaunuka, sai jerin hotuna da ranaku ya fito. Shekara huɗu da suka wuce muka ce kowane rukuni a gina masa shafin tarba na kansa, da hannu, inda baƙo zai fara sauka ya ji kamar da mutum yake magana. Ni na rubuta na Sahara da na Iyali. Na Tsaunuka kuwa yayana Mbarek ya ce ba mai taɓa masa, don shi ne jagoranmu, shekara ashirin da biyu yana hawa da sauka da alfadarinsa. Bai iya kwamfuta ba. Ya zauna kusa da ni yana faɗa ina bugawa, yana yi mini tsiya wai ni 'yar ofis ce, ko tudun bayan gidanmu sai na huta sau biyu. Da bakinsa shafin yake magana: ni ne Mbarek, zan jira ku a bakin gada, kada ku sayi sabon takalmi saboda ni, tsohon ya fi sanin ƙafarku.

Ya rasu wata bakwai da suka wuce. Zuciya ce, da safe, yana ɗaure wa alfadarin kaya.

Bayan arba'in na shiga na rufe duk tafiyar da ke da sunansa. Amma shafin da aka gina da hannu ba ya bin jerin, abin da ka sa a ciki yana nan sai ka cire da kanka. Shafin harshe biyu ne: na gyara na Larabci ina kuka. Na Faransanci na manta, ko ban so in tuna ba, Allah ne masani. Akwatin saƙon da ke ƙasansa har yau yana cewa a rubuto wa Mbarek, kuma ana rubutowa.

Sau uku na amsa da sunansa, Lalla. Biyun farko tambayar sanyi ce da ta takalmi, na san abin da zai ce, sai na ga yatsuna sun rubuta. Na ukun wani dattijo ne, Si Abdeslam, ɗan ƙasarmu mazaunin birnin Liège a ƙasar waje, wanda ya yi tafiya da shi shekara takwas baya. Matarsa ta tashi daga doguwar jinya, yana so ya nuna mata kwarin da suka bi da Mbarek. Ya rubuta cewa ɗan'uwana Mbarek, gwiwata ta tsufa amma na san za ka jira ni. Na amsa cewa marhaban, idan gwiwar ta ƙi alfadari bai ƙi ba. Sun sayi tikitin jirgi. Saura mako uku.

Driss bai san da amsoshin ba. Shafin kawai ya gani, ya ce a goge shi a mayar da rukunin jeri kamar da, wai yaudara ce. Na san da gaskiyarsa. Amma ba mu da muryar Mbarek a ko'ina, bai yarda a ɗauke ta a waya ba. A wannan shafin kaɗai yake cewa zan jira ku. Duk lokacin da na buɗe shi nakan matsar da kujerata gefe ban sani ba, kamar ina ba wani wuri. Me zan yi?

Ƙanwar jagora, Azilal

'Yata,

Allah ya jiƙan yayanki, ya ba ki haƙuri. Abin da kika yi ba hauka ba ne, masu makoki da yawa sukan ci gaba da zance da wanda ya tafi. Bambancin naki shi ne akwai rayayyen mutum a ɗaya ɓangaren, yana haɗa kaya.

Don haka Si Abdeslam ne farko, kuma yau. Ki kira shi a waya, kada ki rubuta. Ki faɗa masa Mbarek ya rasu, ki faɗa masa ke ce kika amsa, da dalilin. Kada ki ɓoye kashi na biyun, domin zai lissafa watannin da kansa. Zai iya yin fushi, haƙƙinsa ne. Idan ya fasa zuwa, ki ɗauki nauyin abin da fasawar ta jawo masa. Idan yana so ya zo duk da haka, ki haɗa shi da jagoran da Mbarek ya yarda da shi. Sauran biyun su ma ki aika musu gajeren bayani. Kafin kiran ki gaya wa Driss. Sunan kamfanin naku ne ku biyu, kuma kin gaji da ɗaukar wannan ke kaɗai.

A kan shafin, mijinki ya yi daidai da ya ce ba zai zauna haka ba, amma ya yi gaggawa da ya ce a goge. Ba a gina shafin tarba don ado ba. Mai neman tafiyar tsauni amana yake nema, yana so ya san wa zai bi, kuma jerin hotuna ba ya gaya masa wannan. Laifin shafinku ɗaya ne: yana yin alkawarin da ba mai cika shi.

Ki fara kwafe shi yadda yake, ki buga a takarda, ki ajiye. Sannan ki sake rubuta shi da bakinki: waɗannan hanyoyin yayana Mbarek ne ya shata su, ga shekarar da ya rasu, ga wanda ke jagora yanzu da hotonsa. Maganarsa ta takalmi ta zauna, a matsayin abin da yakan ce. Akwatin saƙon ya koma sunanki. Ki sa a haɗa ranakun tafiya da ainihin jerin, yadda duk abin da aka rufe can zai ɓace nan. Ki bi harsunan ɗaya bayan ɗaya, da shafukan sauran rukunan, Driss yana zaune kusa da ke, don wannan aikin bai kamata ki yi shi ke kaɗai ba.

Zai yi zafi, ban ɓoye miki ba. Ranar da kika mayar da maganarsa ta zama labari za ki ji kamar ya sake rasuwa. Ki yi kukan, ki yi masa sadaka ranar Juma'a, kuma idan nauyin bai ragu ba bayan wasu watanni, ki nemi likitan da ke sauraron masu irin wannan damuwa.

Idan dattijon ya zo, ki tarbe shi da kanki. Ya yi kwanaki a kan dutse da yayanki, ya san wasu labaransa da ke ba ki sani ba. Ki zuba masa shayi ki tambaye shi.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya kawo su lafiya.

Lalla Zhor