Leshin Inna

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ya gida, ya maigidanki da yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan Zoza lafiya lau.

Bikin ƙanwarmu Safiya ya matso, abin hannunmu kuwa bai taka kara ya karya ba. Shi ne na buɗe adakar marigayiya Inna, na ɗauko leshinta ruwan goro, tela ya yi wa amarya ɗinkin yayi. Da ta saka don gwaji ta ratsa tsakar gida, ƙamshin turaren Inna na bin ta, sai Baba ya ɗago kai daga tabarma ya ce, "Kin dawo?"

Tun ranar ba ya cin abincin kirki. Yaya, Safiya ta saka leshin ranar kamu, ko in mayar da shi adaka?

Ki sa mu a addu'a, ki gaida yara. Allah ya jiƙan Inna.

Ƙanwarki,
Binta