Goron Inna Dije

Malanville, daren Alhamis

Bayana ciwo yake, amma in ban rubuta wanga ba, barci ba ya zuwa.

Yau ƙungiyarmu ta mata ta zauna zaɓen waɗanda za mu ba tallafin bana: matan Madécali masu neman injin casar shinkafa, ko matan Guéné masu son gyaran rijiyar lakwal, wato makarantar boko. Kullum da tsakuwa muke zaɓe, ƙwarya biyu a bayan labule, kowane gari da tasa. Ni uwar iyayi na ce tsakuwa ba mutunci, na sawo farin goro, na ba kowa guda.

Da anka juye ƙoren, sai ga kunnen doki, kuma goro guda ya ɓace. Munka waiga, ga Inna Dije, babbarmu, tana tauna hankali kwance.

Na ce, "Inna, ina ƙuri'arki?"

Ta ce, "Ɗiyata, goro kinka ba ni, kuma na yi godiya. Rabin ma na ba Hajiya Mariya."

Hajiya ta sunkuyar da kai, muƙamuƙinta na motsi.

Na ce Inna ta faɗi da baki. Ta ce ai sirri ne, a ba ta wani. Na ba ta. Ta shiga bayan labule, ta daɗe, ta fito tana share baki. Cikin ƙwaryar Madécali munka iske rabin goro da sawun haƙori.

Gobe ni zan hau moto zuwa Guéné, in gaya wa bayin Allah rabin goro ya kada su.