Abin da Inna Ba Ta Faɗa wa 'Yar Fari

Kalgo

Goggo Jidda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Tunda kunnenki ba ya jin waya, na ba direban motar Gwandu wannan takarda.

Kin tambayi abin da nake karantawa a digiri na biyu. Sunansa fenomenoloji na mata: nazarin yadda mace take jin rayuwa a jikinta, a zamanta da tafiyarta da inda take ajiye idonta. Ni kaɗai ce a fannin. Malamina yakan ce, "Kada ki kawo mini abin da aka faɗa a kan mata, kawo abin da suka ji."

Na zaɓi kunyar ɗan fari. Na yi hira da iyaye mata a ƙauyukan Diggi da Maruda, duk sun ba ni amsa. Saura Inna. Ni ce 'yar farinta, kin sani ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallon fuskata sosai ba. Ina so ta gaya mini abin da take ji in na shigo ɗaki ta juya kai. Ki roƙa mini ita.

'Yarki,
Halima Sadiya

Gwandu

Sadiya ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, kunne dai ya tafi abinsa.

Ke ko boko ya taɓa ki? Matar da ta miƙo mini ke ranar da aka yaye ki, ba ta ko waiga ba, ita za ki zaunar ki yi wa tambaya? Duk da haka na je. Ta ci gaba da tankaɗe har na gama magana, sannan ta ce, "Ta ci abinci kuwa a can?" Iyakar abin da na samo ke nan.

Ki rubuta na matan Diggi, ki ƙyale matar ɗan'uwana. Allah ya yi miki albarka.

Goggonki

Kalgo

Goggo,

Bayan gaisuwa. Binciken zai tsaya ko babu Inna, malamina ma ya ce haka. Ni ce ban tsaya ba. Ɗakin kwanan ɗalibai ya watse, an tafi hutu, ina zaune da muryoyin iyayen wasu a waya. Wata a Maruda ta ce mini in ɗanta na fari ya wuce, bayan wuyanta ne yake sanin ya wuce. Tun ranar nake tunani ko Inna ma haka ne. Don Allah ki sake gwadawa.

Sadiya

Gwandu

Ɗiyata,

Ina gaishe ki. Na koma, kuma na samo miki rabi. Ta ce za ta yi magana, amma ba da ke ba, kuma ba kina cikin garin ba. Ki turo wata. Na ce, "To ai Sadiya za ta ji daga baya." Ta ce, "Wannan ba ruwana, ni ba da ita na yi ba."

Ko ki karɓa ko ki bari. Ki ci abinci.

Goggonki

Kalgo

Goggo,

Ina gaishe ki da godiya. Na tura Surayya, wata ɗaliba a sashenmu. Ta ce Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama mata fura, sun yi hira tun azahar har la'asar. Ta naɗi hirar a waya, ta turo mini muryar.

Na saurari farkonta kawai na tsayar. Surayya ta faɗi wani abu, Inna ta ƙyalƙyale.

Goggo, ashe haka dariyarta take?

'Yarki,
Halima Sadiya