Kifi a Kan Cakulan Ɗina

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Kasuwa

Daga:
Iya Mai Cakulan, rumfar da ke jikin famfo, Layin Teloli

Laraba, 16 ga Afrilu

Game da: Warin kifi da aka sa wa sana'ata a ɗakin sanyi na kasuwa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ban iya rubutu ba. Matar ɗana ce ke riƙe da biro, kuma na gaya mata sai maƙwabciya ta karanta mini, don na san halinta na rage magana.

1. Cewa tun kafin a yi wa kasuwar nan rufin kwano nake sayar da cakulan mai sanyi. Ina dama garin cakulan da ruwan zafi, in zuba madara, in tace, in ɗura a kwalabe, in kai firizar sama a ɗakin sanyi. Shugabar makarantar yara da ke bayan kasuwa tana karɓar rabin kwalaben kullum, da su nake ci.

2. Cewa ranar 2 ga wannan wata, mai tsaron ɗakin sanyi, wanda ake kira Injiniya duk da aikinsa bai wuce danna makunni ba, ya kwaso kwandunan wani sabon mai kifi ya jibga a kan kwalabena. Firizar ƙasa tana nan wayam. Ba na zargin kowa, amma duk yamma ana ganin Injiniya yana tafiya gida da leda tana ɗiga.

3. Cewa madara ba ta da sirri, abin da ta kwana da shi take faɗa. Yanzu kuliyoyin kasuwa sun fi mutane yawa a rumfata. Telolin da nake ba su ƙanƙara kyauta sun koma kirana Iya Mai Tarwaɗa. Wani a cikinsu, da furfurarsa, ya tambaye ni ko akwai ƙaya a ciki.

4. Cewa na je wa Injiniya da lalama. Ya ce wai sanyi yana kashe wari, hancina ne ya tsufa. Na miƙa masa kofi ya sha, sai ya tuna likita ya hana shi sukari. Ranka ya daɗe, mutumin nan shekara da shekaru yana shan kofina kyauta, likitan bai farka ba sai da kifi ya zo.

5. Cewa na kai kuka wurin sakatarenku. Ya ce za a kafa ƙaramin kwamiti ya binciki inda warin ke fitowa. Kifin yana nan da idonsa a buɗe, ba ɓuya ya yi ba.

6. Cewa jiya wata yarinya ta yi amai a aji. Shugabar makaranta ta kira ni, ta ce in warin ya sake zuwa ranar Litinin, 21 ga wata, to in riƙe kwalabena. Matar nan ba ta magana biyu. In makaranta ta tafi, rumfar ma ta tafi, kuma da wannan gwiwar ba zan fara talla ba.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba, cikin ladabi, ya ba da umarni a sauke kifi zuwa firizar ƙasa kafin Litinin, a wanke ta sama, Injiniya da hannunsa.

Na haɗo wannan takarda da kwalba ɗaya da ta kwana a ƙarƙashin kifin. Ina roƙo a raba wa 'yan kwamiti a zamanku na gobe, a fara da sakatare. In kun shanye babu wanda ya nemi taga, na janye ƙorafina, in kuma je in ba Injiniya haƙuri a gaban teloli.

Allah ya ƙara girma. Kwalbar dai a dawo mini da ita.

Taku mai biyayya,
Iya Mai Cakulan
(dangwalen babban yatsa)