Ƙwaryar Nonon Inna da Sifirin Motata

Zuwa ga ɗana Zayyanu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da malamanku na koyon ƙera mota. Allah ya ƙara basira, ya dawo mana da kai lafiya. Albishirinka: matarka Shamsiyya ta sauka ran Talata, an samu ɗiya mace, su duka lafiya lau. Sai dai da hannun ubanka a ciki, bari ka ji.

Ka tuna bayanin da ka yi mini na motocin tsere, cewa ana tsaurara masu sifirin, a sauke su ƙasa don su riƙe kwana? Ni da na tsaya aji huɗu, rabin karatun na ɗauka. Na kai tsohuwar motata wurin Sharu bakanike, na ce ya mayar da ita ta tsere. Ya ce mai tauri na titi mai santsi ne, mai laushi na gargada, ba a samun biyu a taya ɗaya. Na ce ɗana injiniya ne, ya yi aikinsa kawai.

Gaskiya a kwanar kasuwar Gummi ba ta ko rangaji, har masu shayi suka tafa mini. Sai ranar awon Shamsiyya na ɗauko ta da mahaifiyarka Inna daga ƙauye. Zayyanu, ramin da duk taya ta shiga, ƙashin bayana ne ya ƙirga shi. Hulata ta yi sallama da kaina sau uku. Haihuwar da aka yi kwana goma ana jira, kafin mu kai ƙofar asibiti ta taso. Inna ta ce ashe ba mota na gyara ba, ungozoma na saya.

Yanzu suna gidan gwaggonka Barakatu kusa da asibiti. Inna ta rantse jikarta ba ta shiga motar nan sai na kai ƙwaryar nono cike daga gida har can bai zuba ba. Sharu ya mayar da sifirin mai laushi, yana dariya. Yanzu kuma a kwana motar take zubar da nonon. Na gwada sau biyu, wandona ya sha nonon.

Inna da Barakatu da ƙaninka Uba suna gaishe ka. Ka turo bayanin tsaka-tsaki, wannan karon zan saurara har ƙarshe. Suna ran Talata mai zuwa ne, kuma Inna na bi na ƙwarya guda cike.

Naka,
Babanka Maikuɗi, direban tsere mai ritaya