Ina Neman Manyan Sifikoki, Matata Ta Ce Ba Na Ji

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, tura ta kai bango. Na san filin nan na rikicin aure ne da na surukai, kuma za ki yi mamakin magidanci da furfurarsa ya kawo miki maganar sifika. Ki daure ki karanta har ƙarshe. Da sifika abin ya fara, amma yau ya kai ni da uwar 'ya'yana ba ma zama a falo ɗaya.

Na daɗe da barin gida wajen neman abinci. Inda nake babu mai jin harshenmu sai iyalina. Ina aiki a wata masana'anta da ake yanka ƙarafa ana yin ƙofofi da tagogi. Tun safe nake tsaye gaban inji har yamma, in dawo ƙafa a kumbure, kai yana sarawa. Suna ba mu abin toshe kunne, ba zan yi musu ƙarya ba, amma wa zai iya da shi? Ga zafi, kuma in ka sa ba ka jin abin da shugaban aiki yake faɗa, shi kuwa ba ya maimaita magana sai da tsaki. Nawa dai a wuya nake rataye shi. Ba na shan taba, ba na yawo, ba ni da majalisa. Majalisar ma da wa? Abu ɗaya ya rage mini a duniya: in dawo, in yi wanka, in zauna a kujerata in saka waƙoƙin gida ko fim, in ji ana magana da harshen da aka rene ni da shi.

Tun ina saurayi nake da burin dogayen sifikokin nan masu tsayuwa a ƙasa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda in kiɗa ya tashi sai ka ji shi a ƙirjinka. Na yi ta haƙuri da muryar talabijin, wadda ba ta fi ta sauro ba, har Allah ya hore na sayo. Ranar da aka kawo su kamar na yi sabuwar amarya. Na jona, na saka waƙa. Ganga ta fito raɗau, kalangu ya fito, amma mawaƙin kamar an lulluɓe shi da bargo. Na san waƙar, na san abin da yake faɗa, amma kalmomin ba sa isowa. Fim ya fi muni. Ƙarar mota ina ji, bugun ƙofa ina ji, da an fara magana sai in ga baki yana motsi kawai. In ƙara murya, gilashin taga ya hau rawa, maganar tana nan a dunƙule.

Na mayar da su shago. Mai shagon mutumin kirki ne, ya karɓa bai ɓata rai ba. Ya hau tambayata girman falona da irin daɓen da ke ciki. Na ce masa ni ba gida na zo sayarwa ba, ƙarfi nake nema. Ya ba ni waɗanda suka fi, haɗe da amfilifaya, wato na'urar ƙara musu ƙarfi, mai nauyi kamar bulo. Gwaggo, an gudu ba a tsira ba. Rugugi ya ƙaru, magana ba ta fito ba, sai ma na sayo wa kaina rigima da maƙwabciya.

A bene muke, daɓenmu na katako ne, kuma a ƙasanmu akwai wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai. Mai Sanda muke kiran ta, domin da na kunna sai ta ɗauki sandar goge daɓe ta hau dukan silin ɗinta. Da farko na ɗauka ƙyamar baƙi ce, don na sha ganin irinta. Wata rana ta hawo da kanta, ta ja ni har kicin ɗinta alhali waƙa tana tashi a sama, ta nuna mini kofunanta suna tafiya a kan kanta kamar masu rai. Na gani da idona. Ba sharri ta yi mini ba. Amma ni ma ba mugunta nake yi ba, magana nake so in ji, kuma haya nake biya kamar yadda take biya.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ke cikin gidana. Da, tare muke kallo da maiɗakina. Ita ce mai dariya, ita ce mai cewa wannan ɗan wasan kamar ƙanena, wancan tafiyarsa irin ta kawunta. Yanzu da na ɗauki rimot sai ta ɗauki wayarta ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, wai kanta yana ciwo. Ta kuma tsiro da wata sabuwar ɗabi'a: ta yi magana ƙasa-ƙasa daga kicin, daga baya ta ce ta gaya mini kaza na share ta. Ni kuwa wallahi ban san ta yi ba. Mutanen garin nan ma haka suke, kowa yana magana kamar da ruwa a bakinsa, to ita ma ta koya.

Makon jiya na nuna mata hoton waɗanda nake so a canza mini da su, mafi girma a shagon, wat ɗin da aka rubuta a jikin kwalinsu, wato ma'aunin ƙarfinsu, ya ninka na waɗanda ke gida. Ta kalle ni ta ce, Baban yara, kai fa ba ka ji. Ni, Gwaggo! Kalmar da ake gaya wa yaro mai ƙiriniya. A wajen aiki yaron da na girme wa ya yi mini tsaki in haɗiye, a titi a kalle ni sama da ƙasa in haɗiye, sannan in dawo gidana a ce ba na ji? Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abincinta ina ci, don shi bai yi mini laifi ba. Ta so ta sake tayar da maganar, na tashi na bar mata falon.

Ba zan zalunce ta ba. Mace ce mai haƙuri, ta bar uwa da uba da dangi ta biyo ni inda ko mai ce mata sannu babu, kuma ita ma tana fita aiki tana dawowa a gajiye. Amma ni ɗin dutse ne? Ban nemi mota ba, ban nemi komai ba. Abu ɗaya tal.

To ki gaya mini, Gwaggo, tunda mai shago yana faɗar nasa, 'yan intanet kowa da tasa fatawar. Da me ake gane sifika mai ƙarfi na gaske, da wat ne, da tsayi, ko da yawan bakunan da ke jikinsa? In je in ɗauko manyan nan, tunda an ajiye mini su zuwa ƙarshen wata, ko in haƙura in zauna shiru kamar kurma don a zauna lafiya? Kuma wa ya kamata ya fara ba wani haƙuri, ni ko ita?

Naki,
Baƙon da ya gaji

*

Ɗan'uwa, sannu da gajiya, sannu da zaman nesa. Ba ka yi laifi ba don ka so jin harshenka a falonka, kuma ba almubazzaranci ba ne mutum ya yi wa kansa abu ɗaya bayan shekarun wahala. Amma kada ka ɗauko manyan nan tukuna. Ka ce wa mai shago ya dakata.

Na sake karanta wasiƙarka, kuma ina ganin ka amsa tambayarka da kanka ba ka lura ba. Kana wuni gaban injin yanka ƙarfe, abin toshe kunne yana rataye a wuya. Kana jin ganga, ba ka jin mawaƙi. Kana jin bugun ƙofa, ba ka jin magana. Mutanen gari duk sun zama masu ruwa a baki, matarka ma ta zama mai magana ƙasa-ƙasa. Anya duk duniya ce ta haɗa baki ta rage murya? Ni ba likita ba ce, amma sananne ne cewa kunnen da ƙarar inji ta daɗe tana duka, siraran sautuka yake fara rasawa, waɗanda su ne ke rarrabe kalma da kalma. Masu kauri irin na ganga suna nan daram. Shi ya sa duk ƙarin muryar da ka yi, rugugi kake ƙara wa kanka da maƙwabciyarka.

Kalmar ji a harshenmu jaka ce mai ɗaukar kaya da yawa. Da ita ake jin magana, da ita ake jin zafi, da ita yaro yake ƙin ji. Kai ka ɗauki ta yaro mai ƙiriniya. Ina kyautata zaton matarka kunnenka take nufi, kuma ta daɗe tana neman yadda za ta faɗa ba tare da ta taɓa maka girma ba. Tana da nata laifin: ta zaɓi kalma mai baki biyu, kuma shigewa ɗaki a rufe ƙofa ba ya warkar da komai. Amma ta dawo don ta yi bayani, kai ka tashi. Don haka kai ne za ka fara.

Ka je a gwada kunnenka, gwaji ne mara ciwo kuma ba ya ɗaukar lokaci. In an ce sai ka sa na'urar taimaka wa ji, ka sa, ba ta fi tabarau zama abin kunya ba. Abin toshe kunnen nan kuma ya tashi daga wuya ya koma inda aka yi shi domin shi. Tsakin shugaban aiki ba ya kashe mutum, amma abin da inji ya cinye ba ya dawowa.

Sai maganar sifika, don ban manta ba. Wat ɗin da ke jikin kwali yana nuna yawan wutar da sifika zai iya ɗauka ne, ba daɗin muryarsa ba. Tsayi da yawan bakuna ma ba su ne ba. Mai shago bai yi maka shisshigi ba da ya tambayi girman falonka: manyan sifikoki a ƙaramin ɗaki kamar sa ne a akurki, ba abin da za ka samu sai ɓarna. Ina ganin waɗanda ke gidanka yanzu sun ishe ka, har sun yi yawa. Ka janye su daga jikin bango da lungu, domin nan ne rugugi yake taruwa, ka ɗan karkato fuskarsu wajen kujerarka. Ka rage bas, wato sautin nan mai kauri. Ka sa musu roba mai kauri a ƙarƙashi, ka shimfiɗa kafet, don katako ya daina kai wa tsohuwa saƙo. In amfilifayarka tana da wurin jona shi, ka nemi ƙaramin sifikan tsakiya da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, shi ne mai fito da maganar 'yan fim, kuma ana iya ƙara masa murya shi kaɗai. In kuma dole sai ka canza, ka tafi shago da waƙar da ka haddace, ka saurara da murya ƙasa. Sifikan kirki a nan ake gane shi. Ka tafi da matarka, kunnenta ya zama alƙali.

Ita kuma Mai Sanda, ka sauka ka gaishe ta. Ku kunna waƙa, ku nemo iyakar da kofunanta ke zama lafiya, ka riƙe wannan iyakar. Wadda ta hawo bene da tsufanta don ta nuna maka maimakon ta kai ƙararka, ba maƙiyiya ba ce.

Amma kafin likita, kafin shago, ka kashe talabijin yau, ka kira uwar 'ya'yanka ta zauna tana fuskantar ka, ka tambaye ta wane ji take nufi. In ta ce duka biyun, ka yi dariya ka karɓa. Ɗaya likita zai duba, ɗayan kai ne likitansa.

Allah ya ba ka lafiya, ya huce maka gajiya, ya dawo muku da hirarku da dariyarku.

Gwaggo